Yadda Barde Nomau Ya Ci Sarautar Madawaki

A shekara ta goma sha ɗaya da hawan Sarki Mazadu gadon sarautar Rugaji, babu sauran gari tsakanin kogi da daji wanda bai miƙa masa wuya ba sai Dutsen Garwaya. Gari ne a bisa tsauni, ganuwarsa ta dutse, ƙofofinsa biyu rak, ɗaya gabas ɗaya yamma, kuma a cikinsa akwai idon ruwa da ba ya ƙafewa. Wata biyar Madawaki Dangi, shugaban mayaƙan Rugaji, ya yi yana kewaye da shi. Da bazara ta kai tsakiya sai ya bar runduna a sansani, ya zo fada da kansa, tare da manyan sarakunan yaƙinsa biyu, Barde Nomau da Jarmai Cindo.

Fada ta cika da hantsi. Madawaki ya faɗi ya yi gaisuwa, sannan ya ɗago furfurarsa ya ce, "Allah ya ja zamaninka, Zaki. Na yi wa mahaifinka yaƙi shekara ashirin, na yi maka goma sha ɗaya, ban taɓa kawo muku labarin da ba shi ne ba. Dutsen nan ba zai ciwu bana ba. Rijiyoyin ƙasa sun ƙafe, dawaki suna mutuwa, dakarunmu suna tsotson taɓo, su kuwa mutanen dutse suna bisa suna wanka muna kallo. A ba mu izini mu janye, damina ta wuce, mu koma da kaka da ƙarfinmu."

Sarki bai dube shi ba. Ya juya ga Galadima Bagudu, tsohon da ya fi kowa daɗewa a majalisa, ya ce, "Galadima, mutum dubu huɗu na ba shi. Me ya kawo mini?"

Galadima ya ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ya kawo. Kuma ya kawo ta da ƙafarsa, bai aiko wani ba."

Sarki ya ce, "Dutse na aike shi ya kawo mini."

Ya ɗaga yatsa. Dogarai suka tuɓe wa Dangi rawani da alkyabba a gaban jama'a, suka ja shi ƙofar fada. Hauni, mai yanka na Sarki, ya gama aikinsa kafin azahar, aka kuma hana iyalinsa ɗaukar gawa har kwana uku.

Da aka koma zama, Sarki ya sa Barde da Jarmai suka matso. Mutanen nan biyu sun yi shekara goma sha biyar suna ci a akushi ɗaya a fagen fama. Cindo mutum ne mai fara'a da zaƙin baki, ga zuciya kamar ta namijin zaki. Nomau kuwa ɗan manomi ne da mashinsa ya kai shi inda yake, ba shi da yawan magana, kuma ya yi suna da abu ɗaya a Rugaji: in mutum biyu suka yi jayayya, wanda ya ce Barde ne shaidarsa ya ci shari'a, don ba a taɓa kama ƙarya a bakinsa ba.

Sarki ya ce, "Kujerar Madawaki ta zama babu kowa. Na raba runduna biyu. Barde, ƙofar gabas taka ce. Jarmai, kai da yamma. Na ba ku kwana talatin. Wanda ya riga shiga garin shi ne Madawaki. Wanda aka riga, zai bi Dangi, gidansa da duk wanda ke cikinsa ya zama ganimar ɗan'uwansa. Kowane kwana biyar ina son manzo daga kowannenku. Kafin nan iyalanku baƙina ne."

A ranar aka kwaso mahaifiyar Nomau, tsohuwa mai suna Kande, da matarsa da 'ya'yansa mata biyu, aka shigar da su cikin gidan Sarki. Haka aka yi wa iyalin Cindo. Mutanen biyu suka fita ta ƙofa ɗaya, suka kama hanya ɗaya ta kwana uku, kowa ya ja nasa gefe.

Nomau ya kai hari sau biyu a kwana biyar na farko. Mutanen dutse suka riƙa gangaro da manyan duwatsu, suna bi da kibau masu dafi, ya rasa mutum arba'in bai ko taɓa ganuwa ba. Ya kira ƙanensa Barau, magidanci mai hankali wanda ya fi amincewa da shi, ya ce, "Je ka gaya wa Sarki abin da idonka ya gani. Kada ka ƙara, kada ka rage. A roƙe shi raƙuman ruwa da tsani."

Barau da manzon Jarmai suka isa fada rana ɗaya. Manzon Jarmai ya fara shiga, bayi biyu na biye da shi ɗauke da taiki, babbar jakar fata. Aka kwance, kawunan mutane talatin suka mirgino a kan tabarma, kowanne da tsaga uku a kunci irin ta mutanen Garwaya. Fadawa suka ɗauki kirari, Sarki ya yi murmushi, ya sa aka jera su a kan ganuwar birni. Sannan Barau ya durƙusa ya faɗi saƙonsa kamar yadda aka ba shi.

Bayan kwana uku dogarai biyu suka kawo shi sansanin gabas a ɗaure a kan jaki, haɓarsa da ƙirjinsa duk busasshen jini. An yanke masa harshe. Babban dogarin ya tsaya a gaban Nomau ya ce, "Sarki ya gaishe ka, Barde. Ya ce a gaya maka, in irin wannan saƙo ya sake zuwa, harshen tsohuwa Kande za a kawo maka."

Barau bai kwana uku ba ya cika. Nomau ya binne shi da hannunsa a gindin wata aduwa. Yana zaune a bakin kabarin sai Tunau, tsohon sojan da ke riƙe masa garkuwa, ya tsuguna kusa da shi ya ce, "Barde, na aika an leƙo sansanin yamma. Jarmai bai kashe ko mutum ɗaya na dutse ba. Gawawwakin dakarunsa ne. Wanzami ya sa ya yi musu tsaga."

Nomau ya dubi kabarin ƙanensa. Can ya ce, "Namu arba'in ɗin, an binne su duka?"

Tunau ya ce, "Akwai na harin jiya, goma sha takwas."

"Kira mini wanzami."

Wannan ita ce ƙaryarsa ta farko, kuma ya gaya wa kansa cewa matattu ba su san an taɓa su ba, uwarsa kuwa tana da rai. Ranar bai iya cin abinci ba. Da manzo ya dawo masa da kyautar alkyabba da gaisuwar Sarki, ya ci.

Amma abin bai tsaya nan ba. Jarmai ya aika da hamsin. Kuma wata mata a birni ta tsaya a gindin ganuwa tana kuka, tana cewa kan ɗanta ne wancan, ɗanta kuwa dakaren Sarki ne. Dogarai suka tafi da ita, ba a sake ganinta ba, amma raɗe-raɗi ya shiga kasuwa. Manzon Nomau ya dawo da gargaɗi daga wani bafade mai ƙaunarsa: an fara duba fuskoki, kada a sake aiko da wanda wani zai iya ganewa a Rugaji.

A arewa da tsaunin, tafiyar rabin yini, akwai wani ƙauye da ake kira Tungar Shawai. Talakawan Rugaji ne, su ne ma suke kawo wa sansanin gabas ruwa da dawa a kan jakuna tun farkon yaƙi. Sai dai kakanninsu daga dutse suka sauko, don haka tsagarsu ɗaya da ta Garwaya.

Nomau ya isa ƙauyen da hantsi da mahaya ɗari biyu. Mai gari, tsoho Shawai, ya fito da ƙwaryar fura a hannunsa yana cewa, "Maraba da Barde, sauka ka sha ruwa. Ai da aike ka yi, da mun zo."

Nomau bai sauka ba. Ya ce, "Baba, an ce kuna kai wa mutanen dutse hatsi."

Tsohon ya ce, "Wa ya faɗa, Barde? A kawo shi gabana. Rumbunanmu ga su can, kai ka cinye su. Jikokina dusa suke ci don dakarunka su sami tuwo."

"An faɗa."

Shawai ya dubi mahayan da suka riga suka zagaye ƙauyen, ya dubi taikunan da ke rataye a sirdinsu babu komai a ciki. Ya ajiye ƙwaryar a ƙasa a hankali. Ya ce, "Kai ma ka san ba mu yi ba."

Nomau ya juya kan dokinsa, ya ɗaga wa Tunau hannu. Maza tamanin da uku aka yanka a dandalin ƙauyen, daga mai furfura har wanda gemunsa ya fara tsiro. Matan suka kwashi 'ya'yansu suka gudu arewa wajen kogi, ba wanda ya bi su. A wannan karon Nomau ya ci abincinsa da rana kamar kullum.

Da kawuna tamanin da uku suka isa fada, manzon Jarmai ya ga an rinjaye shi, sai ya ƙara daga bakinsa cewa ubangidansa ya fasa ganuwar yamma. Kwana biyar bayan haka manzon Barde ya ce ƙofar gabas tana hannunsu, abin da ya rage cikin gari ne kawai. Sarki ya miƙe tsaye a kan karaga ya ce a ɗaura sirdi, zai je ya ga da idonsa wanda zai riga shiga.

Galadima Bagudu ya nemi izinin magana. Ya ce, "Allah ya taimaki Sarki. Tsufa ya sa na ga yaƙi da yawa. Ban taɓa ganin an karya gari ba tare da an kawo ko bawa ɗaya mai rai ba, ko doki, ko garkuwa. Kawuna kawai ake kawo mana, kawuna kuwa ba sa magana. Abu na biyu, in ka fita da sauran 'yan lifida, mahayanka masu sulke, birni ya rage daga tsofaffi sai mata. Kwandawa suna ƙetaren kogi, shekara bakwai suna neman hanyar da za su rama abin da muka yi musu. Abin da ya tsare mu shi ne ba su san mashigin kogin ba."

Sarki ya ce, "Kana nufin sarakunan yaƙina ƙarya suke yi mini?"

Galadima ya dubi ƙofa inda hauni yake tsaye, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ban ce haka ba, ranka ya daɗe. Tsoron tsufa ne."

Da aka zo buga tambarin fita, bugun farko fatar ta tsage gida biyu. Mutane suka dubi juna. Aka kira mai duba na fada, ya shimfiɗa rairayi, ya zana, ya share, ya sake zanawa. Ya ɗago ya ce, "Albishir, Zaki. Yadda fatar nan ta tsage, haka ganuwar Garwaya za ta tsage a gabanka." Aka ba shi riga. Sarki ya fita da 'yan lifida ɗari biyar, ya bar wa Galadima birni.

Labarin tahowar Sarki ya riga shi isa sansani da kwana biyu. Babu ganuwar da aka fasa, babu ƙofar da aka kama. Da azahar Jarmai Cindo ya aiko yana neman ganin Barde a wani kwari da ke tsakanin sansanonin biyu, kowa shi kaɗai. Nomau ya same shi zaune a kan dutse, ya rame, fara'ar nan duk ta tafi.

Cindo ya ce, "Na ji labarin Barau. Allah ya jiƙansa. Na kuma ji na Tungar Shawai."

Nomau ya ce, "Kai ka fara."

"Ni na fara. Kana tsammani da ƙarya aka haife ni? Ranar da aka yanka Dangi ina tsaye kusa, jininsa ya taɓa takalmina. Tun a nan na san abin da Sarki yake so a gaya masa. Da ni kaɗai ne, wallahi da na faɗi gaskiya a yanka ni a huta. Amma na zauna na ce, in na faɗi gaskiya Nomau ya yi ƙarya, 'ya'yana shida sun zama bayi. Ban yi tunanin za ka aika da gaskiya ba. Na ɗauka kowa zai yi abin da na yi, sai na ce gara in riga."

"Shekara goma sha biyar ka san ni."

"Na san ka lokacin da ba a ɗora wa uwarka wuƙa ba. Yanzu fa? Ni gawa na yanka, Nomau. Kai masu rai ka yanka."

Nomau ya kama ƙotar takobinsa, sannan ya sake ta. Ya ce, "Me ka kira ni ka gaya mini?"

Cindo ya ce, "Jibi Sarki zai iso ya ga dutse yadda yake, ya yanka mu duka biyu. Mutanen dutse ba su kai su tsare ƙofa biyu a lokaci ɗaya ba. Abin da ya hana mu cin su shi ne kowa yana kai harinsa shi kaɗai don kada ɗan'uwansa ya amfana. Gobe in rana ta yi tsawon mashi, mu hau tare. In ka shirya ka tayar da hayaƙi, ina gani zan taso. In Allah ya ba mu, mu haɗu a tsakiyar gari, mu je gaban Sarki hannu cikin hannu mu ce tare muka shiga. Ko ya raba mana, ko ya kashe mu, amma dai mun ba shi dutsensa."

Suka zare takubba suka gicciya, kowa ya ɗora hannu a kai, suka rantse da Allah da nonon da suka sha.

Washegari da rana ta yi tsawon mashi, dakarun gabas suna jere a gindin tsauni da tsaninsu da garkuwoyinsu. Nomau ya sa aka cinna wa tarin ɗanyen ganye wuta, hayaƙi ya murtuke sama. Tunau ya ce, "Barde, mu hau?"

"A dakata."

"Hayaƙi ya tashi, Barde. An yi rantsuwa."

Nomau ya ce, "Shi ma yana can yana jira in fara, su taru a kaina, ya shiga ta baya. Mutumin da ya yi wa Sarki ƙarya sau huɗu, ni ne ba zai yi wa ba?"

Bai rufe baki ba sai suka ji kuwwa daga bayan tsauni, da kukan ƙaho, da rugugin duwatsu suna gangarowa. Cindo ya hau. Ya cika alkawarinsa.

Tunau ya dubi ubangidansa. Fuskar Nomau ta yi fari kamar toka, amma bai motsa ba. Idonsa yana kan ganuwar gabas, inda 'yan baka suka fara barin wurarensu ɗaya bayan ɗaya suna gudu yamma don kai ɗauki. Ya jira har kuwwar mutanen Cindo ta koma kururuwa. Ya jira har ya rage bai fi mutum ashirin a bisa ƙofar ba. Sannan ya zare takobi ya ce, "Yanzu."

Ba su sha wata wahala ba. Aka kafa tsani, aka kashe masu gadi, aka buɗe ƙofa daga ciki. Dakarun gabas suka malala cikin gari suka afka wa mutanen dutse ta baya, su kuwa hankalinsu yana kan gangaren yamma inda gawawwakin rundunar Jarmai suka yi tuli. Kafin azahar an kashe Sarkin Garwaya a bakin idon ruwansa, an tara mata da yara a dandali cikin igiya. Daga mutum dubu da ɗari biyar da suka hau tare da Cindo, waɗanda suka sauko da ƙafafunsu ba su kai ɗari uku ba.

Sarki Mazadu ya iso washegari da hantsi, ya shiga ta ƙofar gabas, aka shimfiɗa masa dardumar kilishi a zauren Sarkin Garwaya. A nan aka naɗa wa Nomau rawanin Madawaki, aka yafa masa alkyabba ja, maroƙa suna kiransa bijimin gabas, mai buɗe abin da ya gagari maza.

Ana cikin haka aka shigo da Cindo a kan ƙyauren ƙofa. An tsamo shi daga ƙarƙashin gawawwaki, dutse ya murƙushe masa ƙafafu biyu. Ya ƙi a kwantar da shi, ya dogara da gwiwar hannu ya ce, "Zaki, ni matacce ne, ba abin da zan ƙara ji wa tsoro, don haka ka saurara. Kawunan da na aiko maka na dakarunka ne. Ban taɓa fasa ganuwa ba. Waɗanda wannan ya aiko maka, na farko dakarunka ne, na biyu talakawanka ne na Tungar Shawai, masu kawo mana ruwa. Shekaranjiya mun yi rantsuwa za mu hau tare. Jiya ya tayar mini da hayaƙi ya tsaya yana kallo ana kashe maka mutum dubu."

Sarki ya juya ya ce, "Madawaki, ka ji."

Da shekarar bara ce, da ba a ma tambaye shi ba, don kowa ya san Barde ba ya ƙarya. Nomau ya durƙusa, muryarsa ba ta ko girgiza ba. Ya ce, "Allah ya ja zamaninka. Zafin ciwo ne da zafin an riga shi. Ban yi rantsuwa da shi ba, ban gan shi ba tun ranar da muka bar fada. Duk kan da na aiko maka na mutumin dutse ne. In na yi ƙarya kada Allah ya nuna mini fuskar uwata."

Sarki ya ce wa Cindo, "Ina zaune a cikin Garwaya. Wa ya zaunar da ni, kai ko shi?" Ya zare takobinsa ya miƙa wa Nomau ta ƙota. "Madawaki, ga aikinka na farko."

Cindo bai roƙi ransa ba. Da Nomau ya tsaya a kansa, sai ya rage murya yadda su biyu kawai za su ji, ya ce, "Ƙaramar 'yata, Shekara, tana tsoron baƙi. Kada ka sayar da ita nesa." Nomau ya ɗaga takobin ya sauke.

Ba a gama share jinin ba, da la'asar, aka ce ga manzo daga Galadima. Sunansa Arzika, dattijo ne da ya yi shekara ashirin yana kai saƙon fada. Dokinsa ya faɗi matacce a bakin ƙofar gari, da ƙafa ya ƙaraso. Ya shigo zaure yana haki, ya faɗi gaban Sarki, ya buɗe baki zai yi magana, sai idonsa ya sauka a kan gawar Jarmai da ake ja waje ta hannu.

Sarki ya ce, "Me Galadima ya ce?"

Arzika ya ɗauke idonsa daga kan gawar. Ya ce, "Ya ce a gaishe ka, Zaki. Ya ce a tambayi yadda ka sauka. Gari lafiya."

"Don wannan ka kashe mini doki?" Fadawa suka yi dariya. Sarki ya ce a ba shi ruwa.

Nomau bai yi dariya ba. Ya ga yadda mutumin yake riƙe haƙarƙarinsa, ya ga jini yana tsattsafowa ta rigarsa. Ya bi shi waje, ya ja shi bayan wani rumbu, ya ce, "Ni ne Madawaki yanzu. Faɗa mini."

Arzika ya fashe da kuka kamar yaro. Ya ce, "Madawaki, Kwandawa sun ƙetare kogi. Matan Tungar Shawai ne suka nuna musu mashigi. Ƙauyukan arewa duk sun bi su. Sun zagaye birni, da ƙyar na fita, mu uku muka fito ni kaɗai na iso. Matan nan suna tsaye a gindin ganuwa suna nuna kawuna, kowace tana kiran sunan mijinta da na ɗanta. Birni duk ya ji, har cikin gidan Sarki. Galadima ya ce zai iya riƙewa kwana huɗu, na ci biyu a hanya. In mahaya suka tashi yau ba sauka, za su iya tarar da shi. Ya ce a gaya wa Sarki komai, har da dalili. Na kasa. Kai ka gaya masa, kai yake ji yanzu."

Nomau ya jingina da rumbun. Uwarsa tana cikin birnin nan, da matarsa, da 'ya'yansa, da 'ya'yan Cindo shida waɗanda tun ɗazu suka zama nasa. Taku arba'in ne tsakaninsa da Sarki. In ya faɗa, dawaki dubu za su tashi kafin rana ta faɗi. Kuma Sarki zai tambayi wa ya nuna mashigi, zai tambayi me ya sa, kuma ko bai tambaya a nan ba, zai ji a gindin ganuwarsa daga bakin mata tamanin.

Ya ce a ransa, in aka yanka ni yau, wa zai jagoranci dawakin? Ya ce, gobe zan sami dabara, in nemi izinin kai ganima gida, in tafi da mutanena. Ya ce, Galadima tsoho ne mai tsoro, da ya ce huɗu, wataƙila takwas ne. Kowace magana da ya gaya wa kansa, ya ji ta zauna daidai.

Ya kira Tunau ya ce, "Mutumin nan ba shi da lafiya, zazzaɓi yana sa shi surutu. Kai shi ɗakin da ba kowa, a sa masa mai gadi. Kada ya yi magana da kowa."

Arzika ya kama gefen alkyabbarsa yana cewa, "Madawaki, 'ya'yana suna ciki! Naka ma suna ciki!" Tunau ya toshe masa baki ya ja shi.

Nomau ya gyara rawaninsa ya koma zaure. An riga an shigo da akusa, ƙamshin gasasshen rago ya cika wurin. Sarki ya hango shi ya ce, "Madawaki, me ya tsayar da kai wajen tsohon nan? Akwai wani abu?"

"Babu komai, ranka ya daɗe. Gajiyar hanya ce."

Sarki ya ce, "Madalla. To a sanar da runduna, kwana bakwai za mu yi a nan muna shagali. A rufe ƙofofin nan biyu, a kwance wa dawaki sirdi, kada mutum ɗaya ya sauka daga dutsen nan sai ranar da na sauka. Kai kuwa, Madawaki, ba ka motsawa daga damana. Zo ka zauna."

Masu kakaki suka busa, aka ji ƙarar ƙyauren gabas ana tura shi, sannan na yamma. Nomau ya zauna a hannun daman Sarki. Sarki ya yago tsoka daga cinyar ragon da hannunsa ya miƙa masa, ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya kai baki.